Mu da Dutsen Guga

A unguwarmu ba a tambayar ko an kawo wuta. Da zarar yara sun kaure da ihun "Nefa!", kowane gida sai a zazzago wanki a hau rububin soket: ga kaftanin Juma'ar maigida, ga atamfar bikin uwargida, ga kayan makaranta. Wadda ba ta da dutse kuma ta turo yaro: "Wai in ji Mama, a ara mata ayan, yanzu za a dawo da shi." Yanzun nan takan kai jibi.

Kuma halinmu ɗaya ne. Mu murɗa makunnin har ƙarshe, mu lashi yatsa mu ɗana a gindinsa, in ya ce "cas", to ya yi. Alhali abin yana da nasa tsarin. A cikinsa akwai waya ta haɗin nikel da kuromiyam wadda wuta ba ta ratsa ta da sauƙi, shi ya sa take yin zafi ta gasa farantin ƙasa. Kusa da ita akwai siraran ƙarafa biyu manne da juna, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa in ya ji zafi. Zafi na kaiwa inda aka saita, sai su lanƙwashe su yanke wutar. Suna hucewa su mayar. Wannan ne "ƙas" ɗin da muke ji, 'yar fitilar jikinsa ta mutu. Mu kuwa sai mu ce ya lalace, mu kai wa mai gyara ya haɗa mana wayar kai tsaye. Gobe hijabi ya manne a gindin dutse, a ce sharrin yadin zamani ne.

Ɗige-ɗigen da ke takardar wuyan riga ma ba ado ba ne. Ɗigo ɗaya zafin digiri 110 ne, na nailan da danginsa, biyu 150, uku 200, na auduga. Wa ke dubawa?

Kasuwa kuwa cike take da duwatsun guga iri-iri. Akwai busasshe, mai nauyi, abokin sitati. Akwai mai tururi, wanda muke ɗura wa ruwan rijiya har gishirin ruwan ya toshe hujojinsa, ya dinga tofa tsatsa a farar riga, mu koma fesa ruwa da baki yadda muka gada. Akwai marar waya da ake ɗorawa kan mazauninsa ya ɗau zafi, da ɗan ƙarami na matafiya, da wanda ke hura wa tufa tururi tana rataye.

Dukkansu ba sa wasa da wuta. Na gida yakan ja wat 1,000 zuwa sama da 2,000, shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa in an jona shi, mai sola kuma ke kafa doka a gidansa. Mai mitar kati ya fi kowa sani: wat 1,000 na awa guda yunit ɗaya ne cur.

Tun 1882 Henry Seely ya yi rajistar dutsen lantarki a Amurka, amma har yau na gawayi bai yi ritaya a gidajenmu ba, don shi ba ya jiran kowa ya kawo wuta. Shadda mai tsada kuwa, ba ma amince wa ko ɗaya da ita. Wurin masu bugu take zuwa.