Motar Da Ke Kakkarwa A Danja

Mota mai lafiya, idan aka tsaya da ita a danja, injinta kan yi juyi 600 zuwa 900 a minti, a natse, har direba ya manta a kunne take. Wannan shi makanikai ke kira silo. Idan silo ya lalace, sitiyari ya kama rawa, madubi ya amsa, tumbin direba ma ya shiga sahu, mai adaidaita sahun da ke gefe ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Tsohuwar motar mai wannan rubutu, 'yar Kwatano, ta taɓa kamuwa da ciwon, ta kuma kai shi lungunan Kano da bai san da su ba.

Gwajin farko kyauta ne. A taka birki, a mayar da giya daga D zuwa N. Idan rawar ta lafa nan take, an fi zargin injin sit, wato robobin nan masu kauri da ke riƙe da inji suna shanye girgizarsa. In kuwa ta ci gaba, allurar juyi na hawa da sauka, ciwon yana cikin injin. Bakaniken farko bai yi wannan gwaji ba. Kara kunne ya yi a bonet, ya lumshe ido, ya ce, "Alhaji, sai an sauke inji." Mai rubutu bai taɓa zuwa Makka ba, amma ya lura duk sanda aka kira shi Alhaji a gareji, kuɗin aiki ninkawa yake.

Abu uku inji ke ci: wuta, mai da iska. Da wuta ake farawa. Idan fulogi ɗaya ya daina ba da tartsatsi a inji mai silinda huɗu, ukun ne ke ɗaukar kayan, sai ya riƙa ɗingishi kamar jakin da ya taka ƙaya. A kan gudu ba a cika ji ba, a tsaye asiri ke tonuwa. Fulogi na gama-gari kan gaji wajen kilomita 30,000, mai iridiyam na iya kaiwa 100,000. Idan kwayil ake zargi, wato abin da ke ba fulogi wuta, sai a musanya shi da na maƙwabcinsa a ga ko ciwon zai bi shi. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun 1996 suna da kafar OBD-II a ƙasan sitiyari. A jona na'ura, P0301 ya ce silinda ta ɗaya, P0304 ta huɗu, P0300 kuwa ba a tsaya kan guda ba. Bakanike na biyu ya ce kunnensa ya fi kwamfuta. Ya sauya fulogi huɗu, ya rantse ta warke. Ta warke kuwa, har zuwa danja ta gaba.

Sai mai. Nozul kan toshe da datti, musamman ga mai sayen man bumburutu. Tun bayan gurɓataccen fetur mai yawan methanol da aka shigo da shi Najeriya a Fabrairun 2022, duk bakaniken da hikima ta ƙare masa sai ya ce man ne.

Iska ce aka fi rainawa. Filta kan cushe da ƙurar hunturu, maƙogwaron totur kan yi baƙin dauɗa. Mafi ɓoyon duka shi ne tiyon da ya tsage. A silo ƙofar totur kusan a rufe take, iskar da inji ke sha kaɗan ce, kuma a aune. 'Yar tsaga ta ishi ɓarauniyar iska ta shiga ba lissafi, mai ya yi ƙaranci a gaurayen, na'ura ta nuna P0171. Da an taka totur, iska mai yawa ta danne ta, rawar ta ɓace.

Akwai magunguna biyu da ba sa magani. Ƙara silo yana ɓoye rawar ne, tanki na biya. Cire indomin salansa kuwa, wato matatar hayaƙin da ke ciki, a duba mai ba da shawarar da kyau, don cikinta akwai filatinam, kuma tana da masu saye.

A gareji na ƙarshe ana cikin ciniki kan nozul, wani yaron shago ya ce, "Oga, wani abu na huci a nan." Ogan ya daka masa tsawa ya je ya sayo ruwan sanyi. Bayan yaron ya tafi, Oga ya laluba wurin, ya zaro tsagaggen tiyo, ya ce dama tun shigowar motar ya ji shi. Kuɗin sabon bai kai na fulogi ɗaya ba.

Idan fitilar inji ta koma ƙiftawa, ɗanyen mai ne ke bi ta salansa yana ƙona indomi, a rage gudu a nufi gareji. Liƙe fitilar da baƙin salatif ba ya cikin hanyoyin gyara.