Jikan Maharba a Kan Gadar Igiya

Baki shi ke yanka wuya. Na je Kumasi bikin suna ne kawai, ina zaune ina cin waken zango cikin rufin asiri, sai ɗan ƙanwata ya ce: "Kawu, da na kai ka dajin Kakum, amma akwai wata gada a can sama, ban sani ba ko za ka iya."

Na ajiye cokali. Na ce: "Kai yaro, ka san da wa kake magana? Kakana da kibiya ɗaya ya ka da ɓauna. Ni kuwa ina ɗan shekara goma nake hawa giginya." Tsakani da Allah kakana ɗan koli ne, allura da madubi yake sayarwa. Giginya kuwa daga ƙasa nake jifan ta.

Muka kwana a Cape Coast, da sassafe muka yi arewa, tafiyar kilomita 30 ko sama da haka kaɗan. Na sha babbar riga ta shadda mai sitaci, da hula kube, da takalmi sau-ciki, don kada dabbobin Ghana su raina mutanen Kano. Ɗan jagoranmu, wani siririn saurayi mai takalmin roba, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambayi ɗan ƙanwata ko ɗaurin aure za mu wuce daga nan.

Kafin a kai gadar sai an hau tudu. Zafin nan ba irin namu ba ne. Namu yana gasa mutum, wannan kuwa dafa shi yake yi, gumi ya fito ya ƙi bushewa. Kafin rabin hanya sitacin ya sallama, rigar ta manne mini kamar an tsamo kaza daga rijiya. Ɗan jagora yana ta bayani, ɗan ƙanwata yana fassara: an keɓe dajin tun 1931, ya zama gandun ƙasa a 1992; akwai giwayen kurmi, ƙanana ne a kan na fili, akwai birai iri-iri, da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi ba adadi. Na ce to ina giwayen? Ya ce suna can cikin ƙurmus, ba sa son hayaniya, shi kansa ya fi ganin kashinsu a kan ganin su. Wato na biya kuɗi na zo kallon dabbobin da suka riga suka yanke shawarar ba za su gan ni ba.

Sai ga gadar. Ni da na ji "gada", siminti na zata da ƙarfe. Ashe igiyoyi ne da raga, an shimfiɗa tsani an ɗora katako a kai, faɗinsa bai wuce na allon makaranta ba. Guda bakwai ne, an ɗaure su daga wannan bishiya zuwa waccan, tsawonsu duka ya haura mita 300, a wani wurin tsakaninka da ƙasa ya kusa mita 40. Ɗan jagora ya ce wasu 'yan Kanada ne da 'yan ƙasa suka haɗa ta, aka buɗe a 1995. Na yi lissafin shekarun igiyar a zuci, na ji cikina ya ba da wani sauti.

Na sa ƙafa. Katako ya ce ƙiiƙ. Taku biyar gadar ta fara lilo, iska ta shige babbar riga ta bubbuɗe ta, na zama kamar lema. Na yi kuskuren duban ƙasa. Babu ƙasa, sai kawunan bishiyoyi, kore shar, kamar an zuba zogale a faifai. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa da ta cin abinci, don ban san wacce za ta fara isa ba.

A ƙarshen gada ta farko ɗan jagora ya nuna wata gajeriyar hanya, ya ce wanda ya ji ba zai iya ba ya bi nan. Wallahi ƙafata ta riga ta juya. Sai na ji ɗan ƙanwata yana gaya wa 'yan makarantar da ke bayanmu cewa kawunsa jikan maharba ne. Yara kusan talatin suka zubo mini ido. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni ranar duka biyun suka tare ni a daji. Na bi doguwar. A gada ta huɗu reshe ya ɗauke hulata, na bi ta da kallo tana juyi har ta ɓace. A ta shida wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba ta riƙe gefen rigata tana lallashi na da yarensu.

Da na sauka na samu inuwa na tsaya in maido da mutuncina. Ashe a kan layin kwarkwasa na tsaya. Ba su ciji ƙafa ba sai da suka hau can sama, sannan suka fara aiki gaba ɗaya kamar an busa musu usur. Rawar da na taka a wurin ko ɗan kalangu bai taɓa ganin irinta ba. Babbar riga ta tafi gabas, takalmi ɗaya ya tafi yamma. Wani Bature ya sauke madubin hangen tsuntsaye daga sama ya juyo da shi kaina.

Daga nan aka kai mu wani ƙauye a bakin dajin. Dattawa suna zaune a jere, al'adarsu a fara gaisuwa daga dama a tafi hagu. Ni na faro daga hagu, sai da aka dawo da ni kamar ɗan firamare. A gona na ga wani ɗa mai rawaya manne a jikin kututture. Na gyara murya na ce ai wannan goro ne, kakanninmu sun sha tafiya Gwanja da jakuna saboda shi. Manomin ya fasa, ya miƙo mini. Koko ne. Farin naman da ke jikin ƙwayar ake tsotsa, zaƙi da ɗan tsami. Ni na gartsa ƙwayar, ɗaci ya kai mini har kunne. Ya nuna mana yadda suke tara ƙwayar su rufe da ganyen ayaba kusan mako guda, sannan su shanya a rana. Aka kawo sakwara, wadda suke kira fufu, na kama tauna, matan gidan suka kwashe da dariya, don haɗiye ta ake yi. Aka miƙo wani farin abu a ƙwarya, na ce Alhamdu lillahi ga nono. Ɗan ƙanwata ya cafke hannuna: "Kawu, bammi ne!"

A motar dawowa gida na shirya labarina tsaf: gada bakwai, ko gezau, har giwa na hango daga nesa. Na isa majalisarmu bayan la'asar, na yi sallama, na gyara zama zan fara. Sai mai shayi ya juyo da wayarsa. Ga ni nan, ba hula, ba riga, ina tsalle da takalmi ɗaya. Ɗan ƙanwata ya turo ta WhatsApp tun kafin mu ƙetare iyaka. Liman ya share hawayen dariya ya ce: "Alhaji, wace dabba ce wannan, ba mu da irinta a nan?"