Takarda daga Shenzhen zuwa ga taubashina

Ya Gwaggo, ya yaran shago, ya mutanen Mai'adua? Gyara zama, bawana, takardar ubangidanka ce.

Labari ya iske ni cewa ka baza a kasuwar Lahadi wai kuɗi nake bugawa a ƙasar Sin. To ka koma ka gyara zance, kaya nake bugawa. Sunan na'urar da nake bugawa da ita firintar 3D. Ana ɗora mata naɗin zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta narkar da shi a zafin da ya kai digiri 200, ta riƙa shimfiɗa shi layi bisa layi yadda magini ke ɗaga rumbu, har abin da aka zana a kwamfuta ya fito a riƙe shi a hannu. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya nemi rajistar dabarar a 1989. Da wa'adin rajistar ya cika a 2009 sai farashin na'urar ya karye, yau ga kamfanonin garin nan irin su Creality da Bambu Lab suna cika duniya da ita.

Kai na tuna, sarkin ɗaure-ɗaure da tsohon tif. Maɓallin rediyo, murfin batir, mariƙin waya a kan babur, ƙaramin haƙorin robar da ke karyewa cikin fanka a jefar da ita ɗungurungum, duk sai ka auna, ka zana, ka buga.

Zaren da ake kira PLA daga sitacin masara ake yin sa. Na san cikinka, don Allah kada ka dama kunu da shi. Kuma yana laushi a wajen digiri 60, motar da aka rufe a rana a Kwangwalam cikin bazara sai ta lanƙwasa shi. Kayan shan rana da wani zaren da ake kira PETG ake yin su. Ka kuma tanadi sola da batir, don aiki ɗaya kan ci awoyi ba a so wuta ta katse.

Da gaske nake, ka sa babban yaronka ya fara koyon zane a kwamfuta tun yanzu. Na'ura da zare ni zan kawo. Maganar kuɗin shara kuwa, a gaban Gwaggo za mu yi ta.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Ubangidanka