Ladubban Murna ga Wanda Ya Jira Shekara 108

Duk wanda Allah ya jarrabce shi da ƙaunar ƙungiyar Cubs ta birnin Shikago, a wasan nan na ƙwallo da sanda wanda mutanen Amurka suke kira besbol, to, ya gaji haƙuri daga kakanninsa kamar yadda ake gadon gona, domin tun 1908 rabon ƙungiyar da babban kofi, har zuwa daren 2 ga Nuwamba 2016. Saboda haka ba abin mamaki ba ne nasara ta zo ta iske bawan Allah bai san ta inda ake tarbarta ba, alhali murna irin wannan tana da sharuɗɗa da ladubba.

Babban sharaɗi shi ne kada ka buɗe baki kafin alƙalin wasa ya yanke hukunci. Waɗanda suka fara rungumar juna a zagaye na takwas, lokacin da Cubs ke da 6, abokiyar karawarta Cleveland na da 3, su ne suka zauna jugum sa'ad da Rajai Davis na Cleveland ya maka ƙwallo ta tsallake katanga aka koma kunnen doki. Idan kuma ruwan sama ya tsai da wasa minti 17, kamar yadda ya faru bayan zagaye na tara, kada ka ɓata su wajen zagin kocin Cubs Joe Maddon. Tashi ka ba tsohon da ke gefenka ruwa, ka duba numfashinsa, gama shi ya fi ka shekarun jira, zuciyarsa kuwa ba ta ƙarfe ba ce. A cikin mintocin nan ne Jason Heyward na Cubs ya tara abokan wasansa ya yi musu nasiha, suka fito suka ci 8 da 7 a zagaye na goma.

Da zarar Kris Bryant na Cubs ya jefa wa abokin wasansa Anthony Rizzo ƙwallon ƙarshe, Rizzo kuma ya cusa ta a aljihun baya, kuka ya halatta gare ka, har ma ina ganinsa mustahabbi ne ga mai furfura, kuma makaruhi ne yaro ya tsaya yana kallonsa.

Bayan haka ka yafe wa bunsuru. Tun 1945, da aka ce an fitar da wani mai suna Billy Sianis da bunsurunsa daga Wrigley, filin wasan Cubs, jama'a suka yi ta ɗora wa wannan dabba alhakin kowace faɗuwa, alhali camfi ba hujja ba ne ga mai hankali. Abin da ya kawo kofin shi ne ikon Allah, sa'an nan tsarin Theo Epstein, jagoran ƙungiyar a lokacin, wanda tun 2011 ya yi ta tara samari yana jiran su nuna.

Amma ladabin da na fi so, wanda kuma ba na wasa da shi, shi ne ka sayi alli ka tafi bangon Wrigley, inda dubban mutane suka rubuta sunayen iyayensu da kakanninsu waɗanda suka rasu ba su ga wannan rana ba, ka nemi bulo guda da ya rage, ko da sai ka hau kafaɗar ɗanka, ka rubuta sunan wanda ya fara riƙe hannunka ya kai ka filin, domin yana da haƙƙi a cikin wannan farin ciki.

Maƙwabcinka mutumin Cleveland kuwa, wanda ƙungiyarsa rabonta da kofi tun 1948, kada ka kaɗa masa farar tutar nan ta nasarar Cubs mai harafin W a ƙofar gida. Gaishe shi da haƙuri, ka wuce.

Ranar zagaya gari da kofi kuwa, irin ta Juma'a 4 ga Nuwamba 2016 da aka rina kogin Shikago shuɗi, kada ka aika wa maigidanka da ƙaryar zazzaɓi. Faɗa masa gaskiya, domin ko ka ɓoye, a dandalin Grant Park za ku haɗu, shi ma da hularsa shuɗiya.