Alkawarin Janairu da Littafin Firistoci

Duk daren 31 ga Disamba, da an tashi daga sujadar shiga sabuwar shekara, mutanenmu sukan koma gida da alkawari ɗaya: bana kam sai an sauke Littafi Mai Tsarki, daga Farawa har Wahayin Yahaya. Lissafin ba wuya. Littattafai 66 ne, surori 1,189. In ka raba su a kwanakin shekara, sura uku ce kullum, wata rana huɗu. Fasto ya faɗa, dattawa sun gyaɗa kai, 'yan Zumuntar Mata sun rangaɗa guɗa. Wani ma har sabon biro yake saye, mai jan tawada, don ja wa aya layi.

Makon farko abin gwanin sha'awa. Farawa littafi ne mai daɗin bi: ga Nuhu da jirginsa, ga Yakubu da kawunsa Laban suna yi wa juna wayo a kan mata da tumaki, ga Yusufu da 'yan'uwansa. Wanda ya tashi a gidan yawa ba ya bukatar mai fassara a nan, ya san kowa a cikin labarin, wasu ma tare suke cin tuwo. Fitowa ma tana tafiya da gudu, har a haye Bahar Maliya. To, Farawa sura 50 ce, Fitowa 40. Ke nan wajen ƙarshen Janairu, daidai lokacin da sanyin hunturu ke hana mutum fito da hannu daga bargo, sai ga bawan Allah a ƙofar Littafin Firistoci.

A nan ake yin ta. Surori 27 ne, na farkonsu duk hadaya: wace dabba, wane kitse, wace ƙoda, me za a ƙone, me firist zai ci. Mai karatu yana daurewa, yana cewa ai maganar Allah ce, har ya iso sura ta 13 da ta 14, inda ake duba tabo a fata, a rufe mutum kwana bakwai, a sake dubawa, sannan a koma duba tufa da bangon ɗaki. Ma'aikatan asibitin masu cutar kuturta na Babbar Ruga, can kan hanyar Katsina zuwa Batsari, wanda 'yan mishan na SIM suka riƙe tun ƙarshen shekarun 1930, ƙila su sun karanta surorin nan da ido biyu, don aikinsu ne. Namu kuwa sai ya sa tsinken tsintsiya a shafin, ya ce gobe. Je ka duba Littafin dattijon da ka fi girmamawa. Farawa ta yi baƙi da dattin yatsa, gefen shafukan ya nannaɗe. Daga Firistoci zuwa gaba kuwa takarda fara sol, wasu shafukan ma manne suke da juna tun daga maɗaba'a, sai ka kai Zabura ka sake ganin alamar ɗan Adam.

Uzuri kuma, Allah ya hore mana shi daidai da kalandar manomi. Da rani zafi ya hana barci da dare, saboda haka asuba ta ramuwar barci ce. Damina ta faɗi, sai shuka, sai noman fari, sai maimai, wa ya ga ta zama? Kaka ta yi, jiki ya mutu da yankan gero da roron wake. Da an kai amfani rumbu sai shirin Kirsimeti, daga nan sai sabon alkawari.

Matasa sun ce su sun gano bakin zaren, matsalar takarda ce. Yanzu Littafin yana cikin waya, har da mai karanta maka da murya, har da ƙararrawar da za ta tuna maka da ƙarfe biyar. Ƙararrawar tana kaɗawa kuwa, ba ta fashi. Yaro zai miƙa hannu ya ɗauki wayar da niyyar Zabura, sai ya ga saƙo ya shigo a WhatsApp, hoton furanni da kurciya da aya a tsakiya, an ce ka rubuta Amin ka tura wa mutum goma. Ya rubuta, ya tura. A ganinsa ya yi karatu, ya yi addu'a, ya ma yi bishara, duk bai sauko daga katifa ba. Sauran awa guda ta tafi a Facebook.

Sai suka juya suka ce wayar ce ke ɗauke musu hankali. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Safana da Batsari. Lokaci ne mai nauyi, ba abin dariya a cikinsa, kuma addu'ar da aka yi a watannin nan ba wanda ya tuna wa kowa ita, tsoro ya isa ƙararrawa. Amma fa tsinken tsintsiyar nan bai gusa daga Firistoci ba. Uzurin ne kawai ya sauya riga, aka ce hankali ba kwance yake ba, wanda kuma gaskiya ne, shi ya sa ba mai iya musu.

Uzurin da ba ya karɓuwa a yankinmu shi ne na makara. Daga Tsaskiya zuwa Runka har Ruma, Kirista ɗan tsiraru ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, kuma ladan yana tashin gari duka kyauta, ba ya tambayar addinin mai barci. Kana kwance kana jin ƙarar buta a gidan da ke jikin naka, kana jin takun masu tafiya masallaci cikin sanyin nan da kai ka ce ba ya fituwa. Wani maƙwabci ma, in ya dawo, sai ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama: “Maigida, lafiya dai ko? Kwana biyu ban ji waƙarku ta safe ba.” Tambayar nan ta fi wa'azin Lahadi uku shiga jiki. Washegari za ka ji an buɗe Littafin Waƙoƙi da ƙarfi, an ɗaga murya ta yadda za ta haye katanga. Ko ta haye sama, wannan kuma ba a hannunmu yake ba.

Kada a ce ba a buɗe Littafin. Ana buɗewa. Tun 1932 da su Likita Mila na Zariya suka fitar da shi cikakke da Hausa, ban jin sun taɓa zaton zai zama asusu, amma ya zama. A cikinsa ake ajiye katin zaɓe, rasit ɗin taki, takardar asibiti, da 'yan kuɗin da maigida ba ya so uwargida ta gani. Kuma yana da dabara, ba ya sa su a Zabura ko Matiyu inda ake yawan zirga-zirga. Cikin surori tara na farkon Tarihi na Ɗaya yake sa su, inda wane ya haifi wane, don ya san ba mai bi ta can. Littafin Abincin Yini da ake saye farkon shekara kuwa, shafi ɗaya aka tsara wa kowace rana, amma akwai masu haɗa na mako guda su shanye daren Asabar, don gudun kada Fasto ya yi tambaya.

Gidan da ya fi ƙoƙari shi ne mai addu'ar iyali da dare, kuma nan ne abin kallo. An ci tuwo, an shimfiɗa tabarma, an kunna cocilan. Baba ya ce a rufe ido. Ya fara da godiya, ya bi ta kan gwamna da sarki, ya roƙa wa dajin Rugu zaman lafiya, ya lissafa 'yan'uwa na Kano da na Kaduna ɗaya bayan ɗaya har da 'ya'yansu. Kafin ya iso kan akuyar da ba ta da lafiya, yara uku sun tafi, goshi a ƙasa, kai ka ce tsabar tawali'u ne. Ba laifinsu ba ne sosai. Manzo Bulus ma da ya ja magana har tsakar dare a Taruwasa, wani saurayi ya yi gyangyaɗi ya faɗo daga taga, mu ko tabarma ce, ba nisa. Da Baba ya ce Amin, duk su farka su amsa da ƙarfi, wanda ya fi barci shi ya fi ɗaga murya.

Ranar da aka ba Mama addu'a kuwa ba mai barci, don ita a nan take shari'a. “Ya Ubangiji, kai ka san wanda ya buɗe tukunyar miya da rana. Ka taɓa zuciyarsa. Ka kuma tuna wa bayinka da suka yi alkawarin kuɗin cefane tun ranar kasuwa.” Baba ya yi gyaran murya, ido a rufe. Sai aka ce auta ta rufe taron, yarinya 'yar shekara shida da ba ta san habaici ba. Ta haɗa hannu ta ce, “Ya Yesu, ka gafarta wa Yaya, tsoka biyu kawai ya ɗauka, ya ba ni ɗaya. Kuɗin Baba kuma suna cikin Littafi, wajen sunaye.”