Mota Ta Buge Ka, Saura Lauyoyi

A Kano, mutum ba ya sanin yawan masana shari'ar da ke kewaye da shi sai ranar da mota ta karya masa ƙafa. Kafin filasta ta bushe, an cika bakin gadon.

Na farkon isowa ba lauya ba ne, ɗan kamasho ne. Yakan riga matarka zuwa, da ledar lemo da ayaba, yana ta "sannu ɗan'uwa" alhali a jikin katin asibiti ya ga sunanka. Yana da wani barista da bai taɓa faɗuwa shari'a ba. Dokokin sana'ar lauyoyi sun hana farautar masu ƙara ta hannun dillalai, shi ya sa baristan ba ya zuwa da kansa. Ka ci ayabar, ka yi godiya.

Sai lauyan gindin bishiya, wanda abokan aikinsa ke kira caji-da-beli. Kwat ɗinsa baƙa ce a zamanin da aka saye ta. Ofishinsa jakar hannu, sakatariyarsa mai shagon hoton takardu na bakin kotun majistare. Kafin ya ji wace ƙafar ce ta karye ya yanke kuɗi: "Miliyan hamsin, Alhaji, ko da za mu kai Kotun Ƙoli!" Daga nan sai kuɗin buɗe fayil, kuɗin hatimi, kuɗin mai na kowane zama. Ranar da alƙali ya ɗage shari'a, kai za ka fito kana ɗingishi, shi yana murmushi, domin wani zaman wani kuɗin man ne.

Akwai babban lauya mai SAN a bayan suna, muƙamin da aka fara bayarwa a 1975. Ya san aiki, babu musu. Sai dai kuɗin zama a kujerar ofishinsa ya kusa kamo diyyar da kake nema, kuma bayan ka biya, wani yaro da bai daɗe da fitowa daga makarantar lauyoyi ta Bagauda ba za a miƙa wa ƙafar taka.

Lauyan gida kuwa ɗan ƙanwar Hajiya ne, kuma kyauta zai yi. Aikinsa rajistar kamfanoni, rabonsa da tsayuwa gaban alƙali har ya manta. "Yaya, kar ka damu, ina kai." Yana kai ɗin har yau. Ba dama ka yi masa faɗa, zumunci zai ɓaci. Sai dai ku haɗu wajen ɗaurin aure ya tambaye ka ya jiki.

Amma duk cikinsu babu kamar Kawu. Bai taɓa leƙa aji na shari'a ba, shi ne kuma ya fi kowa kashe ƙara. Zai shigo da yamma, bayansa shugaban tasha da mahaifin direba da ambulan mara nauyi. Ya gyara babbar riga, ya dafa ƙafar, mai ciwon ma, ya ce, "Ɗana, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mu gidanmu ba mu gaji kotu ba. Mun yafe." A shafa fatiha, a watse, a bar ka da takardar kuɗin aiki. Yafiya abin so ce, amma haƙƙin mai ƙafa ne, kuma addinin da Kawu ke kafa hujja da shi ya san diyya. Abin da Kawu bai lura da shi ba, sau da yawa ba talakan direban ya yafe wa ba. Wata doka ta 1945 ta wajabta wa masu mota inshorar da za ta biya wanda aka buge, kuma daga Janairun 2023 kuɗinta na ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Idan takardar direban ta gaskiya ce, ba irin wadda ake bugawa a bayan ofishin lasin ba, to kamfanin inshora Kawu ya yi wa sadaka da ƙafarka.

Lauya na ƙarshe ba shi da daɗin hira. Ba ya cinikin biri a sama, ba zai faɗa maka ko miliyan nawa ba. Tambayoyi ne kawai: ina lambar motar? Ina rahoton 'yan sanda da zanen wurin hatsari? Ina hoton ƙashi, ina rasiɗan magani, wa ya ga abin da idonsa? Zai duba ko inshorar tana cikin rajista. Zai gaya maka cewa shigar da ƙara tana da wa'adi, kuma wataƙila sulhu a rubuce ya fi maka shekaru a kotu. Idan kaso zai ɗauka daga diyya, zai rubuta nawa ne, ku sa hannu. Mutane sukan fito daga ofishinsa suna cewa ba shi da zafi.

Shi za ka ɗauka. Sai dai ka yi sauri, kafin Kawu ya idar da La'asar.