Allah Ya Ja Zamanin Ɗaki Na 14

Ranar Litinin da daddare 'yar wana, wadda ke zaune a gidana tana karatu a ɗaya daga cikin jami'o'inmu, ta miƙo mini waya ta ce, "Baffa, duba ka gani, sun sake fitar da wani." Jadawalin lakca ne. A samansa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa shi ne na ƙarshe. Wanda ya fito makon jiya ma na ƙarshe ne. Na gabansa shi aka kira na wucin gadi, kuma shi kaɗai ne aka ɗan yi aiki da shi. Zangon karatu kuwa ya shiga mako na biyar.

Wannan duk bai dame ni ba, mun saba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Ɗaki na 14.

A cikin kowane jadawali, ranar Talata daga takwas zuwa goma, 'yan aji biyu suna da lakca a Ɗaki na 14. Yarinyar nan ta nemi ɗakin har ƙafarta ta gaya mata. Akwai na 13, akwai na 15, a tsakaninsu kuma wata ƙofa ce da kwaɗonta ya yi tsatsa. Da ta leƙa ta taga sai ta ga karyayyun kujeru an jibge har rufi, da tsohon keken rubutu, da kundayen kammala digiri waɗanda gara ta riga malamai karantawa. Masinjan sashen, wani dattijo, ya dube ta da tausayi ya ce, "'Yata, ai tun kafin a haife ki aka mai da shi sito."

Amma a takarda Ɗaki na 14 yana nan da ransa da lafiyarsa. Ya ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020, ya ga na wata takwas a 2022, bai girgiza ba. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja, kashi 70 nata, kashi 30 na kowace jami'a, aka sauya sunayen kwasa-kwasai da lambobinsu, aka kwashe sababbin aka zuba masa, ya karɓa bai ce uffan ba. Ni a ganina babu ɗakin da ya kai shi amana a duk faɗin jami'ar. Ba a taɓa ɗauke wuta ana tsakiyar lakca a cikinsa ba. Fankarsa ba ta taɓa faɗo wa kowa a ka ba. Ba a taɓa kama ɗalibi da satar amsa a ciki ba, ba a taɓa jin malami ya zagi uwar wani ba. Yana ɗaukar mutum arba'in, yana ɗaukar ɗari huɗu, gwargwadon abin da aka rubuta masa. Akwai manyan daraktoci a ma'aikatu yau waɗanda, idan takarda za a bi, a ɗakin nan suka yi rabin digirinsu. In da adalci, shi ya kamata TETFund, mai tallafa wa manyan makarantu da gine-gine, ta manna wa allonta, ta ce ga irin ginin da ba ya neman gyara.

Dalilin tsawon ransa ba ɓoyayye ba ne. Ba haɗa jadawali ake yi ba, gadonsa ake yi. Akwai wani fayil a cikin wata tsohuwar filash da ke yawo daga hannu zuwa hannu, kowace shekara a goge shekarar da ke sama a rubuta sabuwa. Wanda ake damƙa wa filash ɗin kuma kullum shi ne mafi ƙanƙanta a sashe, wanda aka ɗauka aiki bara, kuma galibi a taron da bai halarta ba ake naɗa shi. Washegari shugaban sashe zai tare shi a baranda da fara'a: "Malam, barka, an ga cancantarka."

A yi masa adalci, aikin ba wasa ba ne. Masana lissafi sun sa tsara jadawali cikin matsalolin da kwamfuta kanta ke shan wuya a kansu idan abin ya yi yawa. Kafin ya taɓa komai, kwamitin jami'a ya riga ya kwashe manyan ɗakunan lakca ya ba kwasa-kwasan GST da kowa da kowa ke yi. Tsangaya ta ɗebi nata. 'Yan aji ɗaya suna aron lissafi a wani sashe, kimiyyar sinadarai a wani, kowanne da sa'arsa da ba ta motsi. Tsakar ranar Juma'a ba a taɓa ta. Abin da ya rage, ƙashi da romo, shi za a raba wa malaman sashe talatin.

Sai kuma a fara aiko masa da 'yan takardu. Farfesa ba ya yin ƙarfe takwas, saboda kai jikoki makaranta. Ba ya yin bayan azahar, saboda rana. Litinin yana taron majalisar jami'a, Alhamis da Juma'a yana wata jami'ar da yake koyarwar ziyara, Laraba yana hanyar zuwa can. Yaro ya tattara ƙarfin hali ya ce, "Ranka ya daɗe, to Talata da goma fa?" Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Wa ke da ita yanzu?" Aka ce Malama wance. Ya ce, "A gaya mata." To ita Malama wance ina za a kai ta? Ga ɗaki nan da ba ya gardama.

Bayan duk wannan wahala, jadawalin gaskiya ba ya kan allon sanarwa. Yana cikin wayar wakilin aji. Ƙarfe sha ɗaya na dare saƙo zai faɗo guruf ɗin WhatsApp: gobe bakwai na safe, wanda ya makara kada ya shigo. Ko kuma: Malam ya ce Asabar da Lahadi, awa huɗu-huɗu, za a gama kwas ɗin gaba ɗaya.

Nan ne dariyar ke ƙare mini. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin A Daidaita Sahu ya zama abin da ake zama a yi lissafinsa a gida. Yarinya ta fito da asuba ba ta karya ba, ta hau biyu ko uku kafin ta isa, ta zauna a baranda har sha ɗaya, sannan a ce Malam ya yi tafiya. Wa zai biya ta? Wanda ke da kari-oba kuma an haɗa masa kwas biyu a sa'a ɗaya, a gini biyu da ke nesa da juna, sannan a ce sai ya halarci kashi 75 na kowanne kafin ya shiga jarrabawa. Ya je ya yi ƙorafi, a ce masa ai shi ya faɗi tun farko. Malamin da ya makara awa guda ba ya ba da haƙuri, ɗalibin da ya makara minti biyar sai ya tsuguna a bakin ƙofa. Wannan ba rashin ɗaki ba ne, raini ne.

Kuma kada wani ya zo mini da zancen wai mu ba mu san lokaci ba. Mutanen nan da ba sa iya takwas na safe, ku same su ranar ɗaurin aure. An rubuta sha ɗaya a kati, sha ɗaya da minti huɗu an shafa fatiha. Na sha ganin farfesa da babbar riga yana tsallake kwata da gudu, hula a hannu, direba na bin sa da takalmi, don kada a ce bai samu ɗaurin auren 'yar shugaban tsangaya ba. Limamin da ke ɗaura auren ba shi da kwamiti, ba shi da filash, bai taɓa fitar da sanarwar wucin gadi ba. Waliyyi ya makara, a nemo ƙaninsa. Wakilin ango ya tsaya neman wurin ajiye mota, ya iso ya tarar ana rabon alewa da dabino, har maroƙi ya koma kan auren gaba. Makon jiya a unguwarmu aure biyar aka ɗaura a masallaci ɗaya tsakanin sha ɗaya da sha ɗaya da rabi, kuma ko amarya ɗaya ba a ba wa mijin wata ba.